Man Shanu a Tsakiyar Bahar Maliya

Shekarar da aka rushe unguwarmu Karantina a Jidda muka koma unguwar Khumra, ni da Umma da ƙanena. Gidan da muka samu yana bayan manyan ɗakunan ajiyar kaya, tun safe har yamma ba abin da ake ji sai rurin tireloli. Umma ta daina fita. Matar da a da sai ta leƙa gidan kowa a lungunmu kafin azahar, ta koma zaman gefen katifa da carbi a hannu.

Ƙanena ne ya zo da maganar jirgin ruwan yawon shaƙatawa, wanda ke tashi daga Jidda ya zaga Bahar Maliya 'yan kwanaki ya dawo. Umma ta ce ta taɓa hawa jirgin ruwa sau ɗaya, kuma ya ishe ta. Ya ce halas, magana ta ƙare, ya riga ya kai iƙamominmu, katunanmu na izinin zama, an yi mana rajista, shi aiki ba zai bar shi ba, ni zan raka ta. Sai ta ce in ɗauko mata abayarta ta Idi.

Safiyar farko muka shiga ɗakin cin abinci. Ban taɓa ganin kayan madara da yawa haka wuri ɗaya ba. Ga cuku kala-kala, wani fari, wani ruwan ɗorawa mai ramuka, wani har da tabon shuɗi kamar ya lalace. Ga zabadi, kindirmon Larabawa, a manyan kwanoni, ga tsala mai sanyi da suke kira laban. Umma ta wuce su duka, ta tsaya gaban wani kwano cike da ƙanƙara, an zuba ƙananan ƙullin bota naɗe da takarda mai ƙyalli. Ta tambaye ni mene ne wannan. Na ce zibda ce, man shanun Turawa. Ta ɗebi cike da tafinta.

Na tuna mata likita ya hana ta maiƙo saboda hawan jini. Ta ce likita yana tudu, ita tana ruwa.

Ta buɗe ɗaya, ta sansana, ta lakata da yatsa ta sa a baki. Ta daɗe tana juya shi a harshe. Daga baya ta ce ba shi da ƙamshi, kamar saniyar ba ta taɓa cin ciyawa ba. Duk da haka ta cusa sauran a jakarta, kuma kafin la'asar sun narke sun ɓata mata mayafi.

A kan bene na sama, muna kallon ruwa, ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk tsawon zamana da ita. Tana ƙaramar yarinya iyayenta suka tsallako da ita daga Sudan, bayan sun yi shekaru suna tafe suna aikin gona a hanya. Jirgin katako ne, mutane jiki da jiki, kowa na amai. Mahaifiyarta tana da wani ɗan goran duma da ta ɗaure a ƙugu, cike da soyayyen man shanu. Duk lokacin da Umma ta fara kuka, sai ta tsoma yatsa ta shafa mata a harshe, ta ce ta rufe ido. Abinci ya ƙare musu sai busasshiyar gurasa, da man nan suke jiƙa ta. Ta ce har yau idan ta ji iskar teku, ɗanɗanon nan ne yake fara zuwa mata, kafin fuskar uwarta ma.

Ni a Jidda aka haife ni. Samin, soyayyen man shanu na gwangwani, shi na sani, sai man shanun da wata maƙwabciyarmu 'yar Chadi takan ɗan sam mana idan baƙinta sun zo Umara. Kakata kuwa ta rasu kafin a haife ni, ko hotonta ba mu da shi.

Washegari da rana na samu wata ma'aikaciyar ɗakin cin abinci, dattijuwa mai fara'a, na yi mata bayani da Larabci da ɗan guntun Turancina. Na roƙa a narka botar a wuta da yankakkiyar albasa, a bar ta har ta yi ja. Ta yi mamaki, amma ta shiga ciki. Can sai ga ta da ɗan kofi yana tururi. Tun kafin ta iso teburinmu Umma ta ɗago kai.

Ta zuba a kan farar shinkafa, ta barbaɗa gishiri, ta ture cokali gefe ta sa hannu. Mutanen teburin kusa suna satar kallonmu, ba ta ko san suna yi ba. Na tambaye ta ko ya yi.

"Ba shi ba ne, 'yar nan," in ji ta. "Amma ɗan'uwansa ne."

Ta cinye tas, ta shafa sauran maiƙon a bayan hannuwanta da gwiwar hannu. Haka muka riƙa yi kullum har tafiyar ta ƙare, ni kuma ban sake ambaton likita ba. Ta ƙara sakin jiki. Har ta yi ƙawa da wata tsohuwa 'yar Madina, suna zama tare suna kushe cukun mai tabon shuɗi.

Ranar da za mu dawo, bayan Umma ta sha zabadinta, ta faɗa mini sunan ƙauyen kakata a ƙasar Hausa, ta ce in duba mata shi a waya. Na rubuta shi da haruffan boko, na sake da na Larabci, na canza harafi nan da can. Taswira ba ta san shi ba. Ta ce ba komai. Ta ce shanun garin jajaye ne masu dogayen ƙaho, da damina nono har zubar da shi ake yi. Na tambaye ta ko ta gan su da idonta. Ta ce a'a, a hanya aka haife ta, ita ma faɗa mata aka yi.

Umma ta rasu cikin azumin da ya biyo baya. Sunan ƙauyen yana nan a bakina, kuma duk wanda na haɗu da shi ya zo daga Nijeriya ko Nijar sai na tambaye shi. Har yanzu ban samu wanda ya san shi ba.