Masuncin da Ba Ya Kawo Kifi Gida

Komai zan iya mantawa a zamana na Faransa, amma ban da ranar da na bi sawun ɗana har bakin tafki.

A Les Minguettes muke, can gefen Lyon, unguwar da hankalin uwa ba ya kwanciya muddin tana da saurayi a ɗaki. Ɗana na fari ya gama makaranta ya daɗe yana zaman kashe wando, sai wata bazara ya ce ya samu aiki can arewacin ƙasar, a wani masaukin 'yan hutu da ke bakin tafki. Wai shi ne jagora, yana ɗaukar Turawa a kwalekwale ya kai su inda kifi yake. Na dube shi sama da ƙasa. Yaron da ko ƙayar kifi sai na cire masa!

A garinmu, wanda ya je su ba ya shigowa gida hannu rabbana. Shi kuwa sai ya dawo da doguwar jaka a kulle, da sabon takalmi, amma ko ƙarnin kifi babu. Har rigunansa na shinshina.

"Ina kifin?" na tambaye shi.

"Mama, maida su muke cikin ruwa."

"Ka kama kifi ka maida? Mi ka ɗauke ni? Ƙaryar ma ba ka iya ba."

A daidai lokacin aka kama ɗan maƙwabciyata da ƙwaya, shi ma tafiye-tafiyen arewa yake yi. Tsoro ya cika ni. Na kira yayana a Maraɗi na ce ya shirya ɗaki, domin in zargina ya tabbata can zan tura yaron, ko da zai tsane ni har abada.

Ban gaya masa ba na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na sauka wajen ƙanwata a Stains, wata unguwa a bayan gari. Washegari mijinta ya ɗauke ni a motar da yake rabon kaya, muka miƙi hanyar arewa. Da muka isa, zuciyata ta ce ai ga shi nan: manyan motoci, ɗakunan katako a ɓoye cikin itatuwa, maza a bakin ruwa suna magana ƙasa-ƙasa. Sai daga baya na san gudun korar kifi suke yi.

Da ɗana ya hango ni sai ya daskare. "Mama! Lafiya?"

"Lafiya lau. Kifi na zo kamawa."

Ya buɗe doguwar jakar a gabana, sandunan fatsa ne kawai a ciki. Duk da haka sai da na zura hannu har ƙasanta. Yana tsaye yana gani.

Muka shiga kwalekwale da wani tsohon Bature da matarsa. Ɗana ya miƙa mini sanda, aka jefa fatsa, ni kuwa ina ta ƙissima cewa duk shiri ne don a rufe mini ido. Kwatsam sai sandar hannuna ta lanƙwashe. Ɗana ya durƙusa kusa da ni.

"Doucement, Mama, a hankali. Sakar mishi zare. In kin matsa, tsinkewa zai yi."

Muka yi ta fama har muka ciro wani ƙaton kifi mai dogon baki. Wallahi har na gan shi a tukunya da tattasai. Ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar a hankali, Baturiyar ta ɗauke mu hoto.

"To, ki sake shi. Dokar wurin nan ke nan. In aka fita da shi, aikina ya tafi."

Na rungume kifin kamar za a ƙwace mini jariri. Sannan na sunkuya na buɗe hannu, ya kaɗa wutsiya ya nutse. Ashe gaskiya yaron nan yake faɗa mini tun farko.

Muna komawa gaɓa ya ce da Hausa, murya ƙasa, "Kin zaci ƙwaya nake saidawa, ko?"

Da faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Har yau yana wannan aikin, Turawa na nemansa da suna. Amma ba ya ba ni labarin tafkin sai na tambaya, kuma wannan na yi mini ciwo. Abin da na koya shi ne, magana ba ta zama ƙarya don kawai ba haka ake yi a garinku ba. Kuma zargin 'yan sanda ɗa na iya wanke kansa daga gare shi, amma na uwa yana zauna masa a zuciya.