Man Birkin Jar Motar Kawu Sanusi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Sanusi, ƙanen mahaifiyata, tsohon ma'aikacin lafiyar dabbobi a nan Gure. Bakwai a lissafin watannin Musulunci nake nufi. A kalandar ofis da sauran kaɗan. Na bayyana haka ne domin shi ma bai yarda a faɗi magana rabi ba.

Mutanen gari sun fi tuna shi da motarsa, ƙaramar ja mai kujera biyu, marar rufi sai tanti, irin waɗanda aka ƙera domin gudu. Ya same ta daga hannun wani malamin makaranta Bature da zai koma ƙasarsu, tun kafin a haife ni. Ban taɓa ganin Kawu ya yi gudu da ita ba. Iyakarta masallacin Juma'a, kasuwar dabbobi, sai jefi-jefi kan kwalta zuwa Gidigir, garin su matarsa, Inna Falmata. Ya kan ce a garin da jaki ke tsallaka hanya ba tare da shawara da kowa ba, darajar mota tana ga tsayawarta.

Kowace shekara, da damina ta ɗauke, sai ya zubar da tsohon man birki ya zuba sabo. Aikin na mutum biyu ne. Shi yana kwance ƙarƙashin mota da tiyo da kwalba, Inna kuma tana kujerar direba, ita da ba ta taɓa tuƙi ba. Ya ce ta taka birki, ta ce, "Na riƙe, Malam," ya buɗe noti iska ta fita da mai, ya rufe, ya ce ta saki. Haka suke bin ƙafafun huɗu, tana yi masa tsiya cewa ko akuyar gidan ba ta samu irin wannan kulawa ba.

Bayan rasuwarsa motar ta zauna a ƙarƙashin rumfa, Inna ko kusa da ita ba ta zuwa. Bana ta kira ni ta ce ta gaji da kallon abin mijinta yana lalacewa. Ko dai in tayar da motar mu je Gidigir ta gaida yayarta, ko masu sayen ƙarafa su zo su ɗauke.

Injin bai ba makanike wahala sosai ba. Birki ne ya tsayar da ni. A Damagaram na tarar da kwalaben man birki iri-iri, kuma gwargwadon abin da na karanta, asalinsu biyu ne. Masu lamba uku da huɗu suna shan danshin iska a hankali, sai su yi saurin tafasa idan birki ya yi zafi. Suna kuma cin fenti in sun zuba. Mai lamba biyar, na silikon, ba ya shan ruwa, ba ya taɓa fenti, shi ya sa masu ajiye tsofaffin motoci domin kallo suke son sa. Amma ana cewa yana sa birki ya yi laushi a ƙafa, kuma ba a haɗa shi da waɗancan. Ban gwada laushin da ƙafata ba, don haka ba zan rantse a kai ba. Batun haɗawar dai duk inda na duba magana ɗaya ce.

Ban san wanne Kawu ya zuba na ƙarshe ba, kuma Inna ce za ta zauna kusa da ni a kan kwalta. Na ɗebo kaɗan daga tsohon man, wanda ya yi baƙi, na ɗiga a kofin shayi mai ruwa. Da na silikon ne da ya ware gefe guda. Sai ya narke. Na sake gwadawa da wani kofi domin hankalina ya kwanta, sakamako bai canza ba. Na zaɓi mai lamba huɗu, kwalba a rufe, na kuma sa aka sauya duk robobin birkin.

Na sha tambayar kaina abin da Kawu zai ce da ya ga yau: babura sun cika gari, matasa suna koyon gyara daga wayar hannu. Ina jin zai yi wa kofunan shayina dariya, amma ba na jin zai yi jayayya da zaɓin. Wanda ya ɗauki man da ke shan ruwa ya ɗaukar wa kansa alkawarin komawa ƙarƙashin mota lokaci-lokaci, shi kuwa bai taɓa ganin wannan nauyi ba ne.

Ranar aikin na nemi wanda zai taka mini, sai ga Inna ta fito, ta kakkaɓe kujerar da gefen mayafinta ta zauna. Muka bi ƙafa uku. A ta ƙarshe ta ce:

"Ɗana, har yanzu da iska. Ƙafata na nutsewa."

Na sake buɗewa, kumfa ta biyo tiyo. Na ce ta taka. Daga sama, inda ba ta ganin kowa sai sitiyari, na ji muryarta:

"Na riƙe, Malam."

Ba ni take kira da wannan sunan ba. Na ɗaure notin sosai, na jira kaɗan, sannan na ce, "Saki, Inna."

Mun je Gidigir mun dawo lafiya. Sau ɗaya raƙumi ya tare mu, motar ta tsaya inda na so. Ban iya cewa wace shekara ƙarfen nan zai gaji ba. Abin da na sani shi ne Inna ta riga ta gaya mini kada in yi nisa idan daminar baɗi ta ɗauke. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa.