Tattabarun Belmiro

Shekara talatin Belmiro yana aikin birkila a Faransa, duk Agusta ya dawo ƙauyenmu na Fotugal yana hura hanci. Da ya yi ritaya sai ya taho da tattabarun tserensa ashirin, ya rantse shi zai cinye gasar bana.

"Yaya, kulle su wata uku su saba da sabon gida," in ji ƙanwarsa Odete.

"Ke tafi can! Nawa wayayyu ne, ba irin naku na ƙauye ba."

Bayan kwana bakwai kacal ya tara mu, ya buɗe keji. Suka zagaya coci sau biyu, suka miƙe Faransa abinsu.

Ranar gasa a bayan 'yan kallo muka hango gogan, ya ja hula har hanci.