Burtalin da Jaridu Uku Suka Ƙi Gani

Muna idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da abokin aikina mai ɗaukar hoto, a wata motar haya da sai da muka tura ta kafin ta yarda ta tashi. Ni ɗan jarida ne, kuma wani ƙauye muka nufa a yankin Zandam ta Gwaram, inda muka ji an toshe wa makiyaya hanyar ruwa.

Hanya lafiya lau har Birnin Kudu, gero da dawa sun yi kore shar dama da hagu. A tasha muka karya da ƙosai da kunun tsamiya. Ƙosan ya ƙanƙance har abokina ya ce sai ya sa gilashi zai gan shi. Gefenmu wani dattijo ya baje jaridu a tebur, ya danne su da duwatsu. Na ɗaga guda uku, har da tamu. Suna daban, launi daban, amma babban labarin ɗaya ne, kalma da kalma: yabon wata katafariyar gona da aka buɗe.

"Baba, wacce ta fi?" na tambaye shi.

Ya ce, "Malam, zaɓi wadda launinta ya yi maka. Tunda mutum ɗaya ya saye su duka, bakinsu ya zama ɗaya."

Ban gaya masa a ɗayarsu nake aiki ba. Kunya ce ta hana ni.

Daga Gwaram muka hau acaɓa, muka yi ta ratsa laka har gwiwa. Da muka isa, ba sai an nuna mana ba. Waya mai ƙaya ce ta gitta burtalin da shanu ke bi zuwa rafi, ta miƙe iya ganinka. A jikin ƙofar gonar da wayar ta kewaye ga allo ɗauke da sunan kamfanin Alhajin da ya sayi jaridarmu bara. Gonar da na karanta yabonta da safe ke nan.

Ardon rugar ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura da nono mai kauri wadda ban taɓa shan irinta a birni ba. Ya ce yanzu sai shanu sun yi zagayen rabin yini kafin su sha ruwa, kuma zagayen ta gefen gonakin maƙwabta yake bi, har an fara zare wa juna sanda tsakanin mutanen da suka tashi tare. Ya ce sau biyu 'yan jarida suna zuwa, su yi hoto, su sha fura, shiru.

"Kai ma na Alhaji ne?"

Na ce, "Baba Ardo, a wurinsa nake karɓar albashi. Amma abin da na gani zan rubuta."

Muna hanyar komawa Gwaram edita ya kira. Wani ya riga ya kai masa labari. Muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce in goge hotunan, in tuna ina da iyali, kuma in na bar jaridar, ina zan je? Gidan rediyon garinmu ma na Alhajin ne. Ban yi masa tsawa ba, don na san shi ma tsoro ne ke cinsa. Na dai ce masa ba zan goge hoto ko ɗaya ba.

Mun iso gida kafin magariba, wandona duk laka. Washegari na miƙa labarin, aka ƙi bugawa. Na sa shi a shafina na intanet da hotunansa, bayan kwana biyu aka miƙo mini takardar dakatarwa. Na je shagon buga takardu na fitar da kwafi, na ba wani direban Gwaram ya kai wa Ardo. An ce limaminsu ya karanta musu bayan sallar Juma'a, manoma da makiyaya suna zaune, kuma sun yanke su tafi wurin hakimi tare.

Abin da tafiyar nan ta koya mini: mai kuɗi zai iya sayen injin bugawa da ginin da kujerar edita, amma shirun ɗan jarida sai shi ya yarda ya sayar. Na daɗe ina sayar da nawa da arha. Na daina.