Cukun da aka kawo wa Malam Isufu

Jiya muna zaman makokin Malam Isufu a Gangara, sai ga wani makiyayi ya durƙusar da raƙuminsa, ya kawo masa cuku. Bai ji rasuwar ba.

Na ce, "Baba, shekaranjiya ya faɗi bayan azahar, ko ciwon kai bai yi ba."

Ya ce, "Duk lokacin da muka tashi da dabbobi, gidansa nake barin 'yata don kada ta bar lakwal, makarantar boko. Yau ita ce ungozomarmu."

Na san yarinyar. Shekaru muna koyarwa tare da Malam kafin ya yi ritaya, wallahi na ɗauka 'yar cikinsa ce.

Mun gode, Malam, Allah ya jiƙanka. Duk wanda ya ci tuwon gidan nan, ya faɗa mana.