Tambarin da Baba Ya Zana

Mahaifina mai rubutun alluna ne. Rabin shagunan layinmu a unguwar New Bell ta Douala da burushinsa aka rubuta sunayensu, amma abu ɗaya yake tinƙaho da shi: tambarin ƙungiyar mahautan unguwa, wanda ya zana tun ina rarrafe. Sa ne a tsaye, gadar kogin Wouri a bayansa, a ƙasa hannaye biyu suna musabaha. Ni da na taso sai na kama sana'ar ta kwamfuta, ina yi wa mutane katin biki mai motsi da ake turawa ta waya. Baba yana kiran aikina wasan yara, ni kuma ba na musu.

Da ƙungiyar ta tashi yin babban taro, shugabanta ya aiko a kira ni. Wai ya ga wani tambari yana juyi a talabijin, shi ma nasu yake so ya motsa. Ranar Baba bai bar maƙwabcin da bai faɗa wa ba cewa sansa zai yi tafiya.

Zane ba ya motsi yana dunƙule. Sai ka bi layinsa a kwamfuta, ka fasa shi gunduwa-gunduwa, kai daban, wutsiya daban, kowane yanki ya zama abin da za ka iya ja, ka ƙara masa girma, ka sauya masa launi. Mahauta dai ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Da na raba hannayen biyu don su taho su haɗu, sai na ga ɗaya ba shi da yatsu. Ba laifin Baba ba ne, suna ƙarƙashin ɗayan hannun ne, wa zai zana abin da ba a gani?

Wautata ita ce na kai aikin gaban kwamiti a haka. Kwamitin kuwa kashi biyu ne: waɗanda aka haifi kakanninsu a Douala, da waɗanda suka zo daga Najeriya kwanan baya. Wani daga cikin baƙin ya leƙa ya ce, "Wannan dungun hannun na wane ne?"

Ya juya ga sauran baƙin. Ya ce, "Mun gane. Dama mu ne a ƙasa."

Shugaba, wanda ɗan gida ne, ya ce, "Mais non, a'a, Alhaji! Wa ya san da ku lokacin da aka zana shi?"

Don in kashe wutar na ce, "Ranka ya daɗe, ba matsala, yanzu komai ana iya taɓa shi." Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari bakina.

Na sa yatsu. Baƙin suka ce a sa wa hannun zobe, ɗaya ɓangaren ya ce to nasu agogo. Ma'aji ya ce san ya rame, zai ba su kunya, na ƙara masa tozo har ya fi kansa girma. Masu yanka ƙananan dabbobi suka ce ina rago? Na Bonabéri, tsallaken kogin, suka ce gadar ba ta kai gaɓarsu ba, na ja ta. Wani mazaunin Japoma ya nemi a sa filin ƙwallon unguwarsu, a nan ne kaɗai na ga kwamitin ya haɗa baki, suka ce ya yi musu shiru. Ruwan ƙasan da Baba ya haɗa da hannunsa suka ce kamar datti, a mayar da shi ruwan zinare.

Mako uku muna haka. Tunda babu wanda ya yarda hannunsa ya kasance a ƙasa, aka cire hannayen, aka zauna lafiya. Rikicin sa da rago ma haka aka warware shi. Gada ta rage ita kaɗai, shugaba ya dube ta ya ce, "Mu masu gini ne? Enlève ça, cire ta." Muka ƙare da duniya ta zinare tana juyi, wuƙaƙe biyu suna walƙiya a kanta. Haushinsu nake ji, amma nawa ya fi, don yatsana ne ya goge kowane yanki, kuma kullum in na koma gida kunya ba ta bari in gaya wa Baba.

Ranar taro bayan la'asar ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ja tsofaffin abokansa biyu suka zauna a gaba. Aka kunna majigi. Duniya ta juya, wuƙaƙe suka ƙyalla, wuri ya ɗauki tafi. Baba ma ya tafa, don shi mutum ne mai ganin ƙoƙarin wasu. Sannan ya yafito ni, na durƙusa kusa da kujerarsa.

Ya ce, "Wannan na masu tallafa wa taron ne ko? Ya yi kyau. Maza je ka ce su saka namu yanzu, kafin mutane su fara tashi."