Kunnen Illo Mai Kaset

Illo yana da rumfa a bakin tashar motar Madarumfa, da manyeto biyu, wato rikoda, da batirin mota. Sana'arsa juye waƙa daga kaset zuwa kaset. Direbobin hanyar Jibiya su ne masu cinikinsa, har suna da yarensu. In suna son ganga ta yi nauyi sai su ce, "Tuƙa mata tuwo." In murya ake so ta yi kaifi, "Sa yaji." Kaset marar ƙarfi lami ce. Wadda aka cika wa ƙara har sauti ya dagule, ta ƙone. Allurar manyetonsa ta daɗe da lalacewa, da kunne yake awo, kuma tasa ba ta taɓa ƙonewa ba.

A 1996 matarsa Barira ta lura sai ta kira shi sau uku yake waiwayowa.

"Malam, ka je Maraɗi a duba kunnen nan."

"Hayaniyar tasha ce kawai," in ji shi.

Cikin damina wani tsoho mai gurmi, Gambo, ya zo daga Safo a amalanken jaki. Ba a taɓa ɗaukar muryarsa ba.

"Ɗana, so nake jikokina su ji ni bayan raina."

Illo ya zaunar da shi, ya sa abin saurare a kunne. Ya ji muryar can nesa, ya ƙara mata ƙarfi. Bai gamsu ba, ya sake ƙarawa. Tsohon ya yi waƙa bakwai, hadari ya taso, ya sa kaset a aljihu ya tafi ba a saurara ba.

Bayan girbi Sa'adatu, 'yar Gambo, ta zo da kaset ɗin. Gambo ya rasu.

Illo ya kunna, ya ji lafiya lau. Sai ya ga wani direba, Hamisu, ya sunkuyar da kai, ya ce:

"Illo, ta ƙone ƙurmus."

"Babu Baba a ciki," in ji Sa'adatu. "Kamar ana yaga zane. Za ta gyaru?"

Ba za ta gyaru ba, kuma ya faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, ta ɗaure kaset ɗin a bakin mayafinta ta fita.

Da Illo ya kai kunnensa Maraɗi, likita ya ce jin da ya tafi ba zai dawo ba. Illo ya sayar da kayansa, ya koma noman albasa a bakin tafki. Ya kan yi niyyar zuwa Safo neman gafara, har yau bai je ba.